Babin da Cindo Bai Karanta Ba

Na rantse da takalmana guda biyu da ke rataye can a bangon Zauren Hange, ba za ka yarda da ko rabin abin da zan gaya maka ba. Ban kuwa ga laifinka ba, baƙona, don ni ma da ba a kaina abin ya ƙare ba, cewa zan yi wani maƙaryaci ne ya zauna ya kitsa shi. Gyara zama. Ka cire takalman nan mana ƙafarka ta sha iska, tabarmar tana da laushi. A'a? To, bar su, ba sauri muke yi ba.

Ni ne Cindo na Rumfa Tara, mai yatsa goma sha ɗaya, wanda idan ya shigo unguwa iyaye mata ke kiran 'ya'yansu cikin gida. Ni ne na koya wa akun maƙwabcinmu tari irin na surukinsa, har bawan Allah ya yi wata guda yana shiga gidan kansa a durƙushe. Ilmi kuwa kada ma ka tambaya. Makarantar Auna Sama ta garinmu shekara bakwai ake yi, ni a uku da rabi na gama da ita. Wasu na cewa ita ce ta gama da ni. Mahassada ba sa ƙarewa.

Ga yadda aka yi. Wata Laraba da hantsi Malam Nomau, malaminmu na lissafin taurari, ya juya mana baya ya rubuta a allo: Babin Nauyin Ɓoye. Ya ce, "Ku buɗe kunnuwanku da kyau. Wanda bai san wannan babi ba, duk lissafin da zai yi wa sama tatsuniya ce." Ni kuwa ina da wani gindin kwalba a aljihu, mai kauri, irin wanda ke tara hasken rana wuri ɗaya. Rana ta leƙo ta taga, hular Malam sabuwa ce ta sha kari. Me kake so in yi? Na saita. Malam yana cewa, "Akwai abin da ido ba ya gani, sai dai a ga aikinsa," hayaƙi yana tashi a tsakar kansa.

Kafin azahar an fito mini da akwatina bakin ƙofa. Malam Nomau ya biyo ni, hula a hannu da huji kamar idon kifi, ya ce, "Cindo, ba hular ce ta dame ni ba. Ka dawo ka ba da haƙuri, ka ji babin nan ko ta taga ne."

Na ce, "Malam, riƙe babinka. Wallahi sai an rubuta sunana a sama kafin naka."

Na bi ayarin Madugu Tunau, wanda ke fataucin gishiri da tama tsakanin duniyoyi da jiragen sarari goma sha biyu. Na ce masa ni masanin hanya ne, na gama makaranta da lambar yabo, takardar ce akuya ta cinye. Muka ratsa duniyar da ruwan sama ke tsirowa daga ƙasa, mata suna kife tuluna a ka don su tare shi. Muka yada zango a wata mai rana biyu, inda kowa ke da inuwa biyu kuma inuwoyin ba sa shiri da juna. A watanmu na bakwai a hanya 'yan fashin sarari suka biyo sawunmu da jirage uku masu baki kamar na shaho, namu kuwa sun yi nauyi da gishiri, ba gudu.

Madugu ya cafki wuyan rigata ya ce, "Kai mai lambar yabo, ga ranarka ta zo."

Na leƙa ta taga. A gabanmu akwai wata gawar tauraro, girmanta bai wuce kasuwar ƙauye ba, amma nauyinta ya fi na ranarmu. Sai na tuna abu ɗaya da na ji a aji biyu, ranar da na manta ban yi barci ba. Haske ma yana shakkar nauyi. Idan ya zo gittawa ta gefen abu mai nauyi ba ya wucewa a miƙe, sai ya rusuna ya kewaya, kamar talaka ya zo wucewa ta ƙofar gidan mai mulki.

Na ce, "Madugu, a jera jirage a bayan gawar can, daidai saitinta, a kunna duk wata fitila da muke da ita."

"Mu ɓuya kuma mu kunna fitila? Anya akuyar nan ba ta haɗa da ƙwaƙwalwarka ba?"

"Kunna dai."

Aka kunna. Hasken fitilunmu ya rabu, wani ya bi ta dama, wani ta hagu, wani ta sama, wani ta ƙasa, ya je wa 'yan fashi ta ko'ina. Suka ɗaga ido suka ga zoben jirage a gabansu, kowanne ya kumbura ya ninka girmansa. Suka ɗauka rundunar wani sarki ce. Gudun da suka yi, har ɗaya ya bar tutarsa tana yawo a sarari.

Madugu ya yi dariya har da hawaye. Ya ba ni takalma masu tafin ƙarfe, ya ce, "Tunda suna kake nema a sama, za mu sauke ka a Kaifi, can ake rabon sunaye. Bayan wata biyar za mu biyo mu wuce gida Rumfa Tara, kujerarka tana nan. In ka rasa mu, sai bayan shekara goma sha biyu. Ka kuma kula da takalman nan fiye da yadda ka kula da takardarka."

Kai ma ka taka Kaifi, ka ga yadda take. Ƙasa duk baƙin gilashi, tsini a kan tsini, taku uku ba takalmi ka zama yankakken nama. Sama baƙa ƙirin ko da tsakar rana, rana da taurari suna zaune tare ba mai korar wani. Mutanenta kuwa sana'arsu ɗaya, kallon Giwa. Giwa ba tauraro ba ce, taron garkunan taurari ne dubu a kan dubu da suka cure wuri ɗaya. Abin da gawar tauraron nan ta yi wa jiragenmu, shi Giwa ke yi wa duk abin da ke can bayanta: ta lanƙwaso haskensa, ta kumbura shi, ta miƙo maka. Gindin kwalba ce, sai dai ba mutum ya ƙera ta ba. Ta cikinta suke hango jariran garkuna, waɗanda haskensu ya kamo hanya tun babu ranarmu babu ƙasarmu, har ya yi ja saboda gajiyar tafiya. Ba don Giwa ba, babu madubin hangen nesan da zai kamo su.

Al'adarsu ita ce ta ci ni. Duk wanda ya zo Zauren Hange ya ce sama za ta yi kaza, ko abu kaza haka yake, sai ya cire takalmansa a rataye a bango. A ɗora shi a amalanke a mayar da shi ɗakin madubinsa, ya zauna. Ranar da sama ta gaskata shi, a sauke masa takalmansa, a kuma ba shi ikon raɗa wa garke suna. In ba ta gaskata ba, yana nan zaune. Daga zauren zuwa tashar jirage tafiyar rabin yini ce a kan gilashi, kuma babu amalanken da ke kai mara takalmi can.

Na je gaban Sarkin Hange Jatau, wani dogon dattijo mai gemu kamar tsintsiya, na gabatar da kaina da lambar yabona. Ya yi mini tambaya uku. Ta farko na amsa da labarin akuya, ta biyu na yi tari, ta uku na yabi rawaninsa. Ya ce, "A kai shi tudun Tasalla ya riƙa goge mata madubi. Su biyun za su daidaita."

Gwaggo Tasalla wata 'yar tsohuwa ce ƙarama, mai ido ɗaya da yana, ƙafafunta sun yi laushi kamar na jariri don shekara goma sha tara ba su taɓa ƙasa ba sai tabarma. Madubinta shi ne mafi tsufa a Kaifi, a wannan ɗakin da muke zaune. Ranar farko ta zuba mini ɗanwake, ta jawo ni ta ce in leƙa.

"Me ka gani a gefen Giwa, ɗan nan?"

"Jajayen ɗigo huɗu, Gwaggo. Kamar an tofar da goro."

"Huɗu kake gani, amma garke ɗaya ne. Jariri ne, ya girme duk wanda masanan zaure suka taɓa gani. Haskensa ne ya kewayo Giwa ta hanya huɗu."

"Gwaggo, ni ma in na sha rana nakan ga abu huɗu-huɗu."

Ta ƙwanƙwashe ni da ludayi. "Ja'iri. Hanyoyin tsawonsu ba ɗaya ba ne. In wani abu ya faru a garken, sau huɗu za mu gan shi, kowanne da ranarsa. Abin da na faɗa a zaure ke nan na rataye takalmana. Jira nake wani tauraro ya mutu a cikinsa, don tauraro in zai mutu fashewa yake yi, ya haske garkensu duka."

"To, su Sarkin Hange me suka ce?"

"Suka ce babban madubi ba shi da lokacin kallon tofin goro. Ko tauraron ya fashe, in ba su gani da babban madubi ba, cewa za su yi yanar idona ce."

Kwana na goma, da azahar, Gwaggo ta shiga ɗaki salla. Ina goge madubi ina waƙa, na leƙa haka nan, sai na ga wani ɗan farin tartsatsi a cikin ɗigo na farko. Na ɗauka garin ɗanwake ne ya faɗa. Na goge, yana nan. Na hura na sake gogewa, ya ƙara haske. Sai na gane. Tauraro ya mutu. Abin da tsohuwar nan ta yi shekara goma sha tara tana jira, ga shi ya zo tana sujada.

A gefen madubin akwai allonta na lissafi. An rubuta da alli: na biyu, bayan kwana arba'in. Na uku, bayan kwana casa'in. Na huɗu, sai wurin ya zama an share da jiƙaƙƙen tsumma.

Da ni mutumin kirki ne da na kira ta. Na ma buɗe baki, wallahi. Sai na ji gindin kwalbar nan yana dukan cinyata a aljihu. Na kawar da kan madubin gefe, na ce mata ta bayan labule zan je sayo gishiri, na zura da gudu sai Zauren Hange.

Na iske masana sun cika zaure suna musu a kan wani lissafi. Na haye teburi na ɗaga kwalbata na ce, "Jama'a, ku kuna kallon sama, ni kunna ta nake yi! Da wannan na ƙona hular malamina, da shi zan ƙona muku tauraro a cikin ɗigo na biyu na gefen Giwa."

Zaure ya fashe da dariya. Sarkin Hange ya shafa gemu ya ce, "Kai mai akuya, hasken ɗigon nan ya baro gida tun ba a yi ƙasar da kake tsaye a kai ba. Wutarka yaushe za ta isa can, yaushe za ta dawo?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai shi ya sa za ta ɗauki kwana arba'in."

Na fita waje, na tara rana a kwalba, na nuna wa Giwa, na yi wasu surutai da ni ma ban san ma'anarsu ba. Na dawo na rataye takalmana kusa da wasu ƙananan takalma da ƙura ta rufe. Aka ɗoro ni a amalanke yara suna bi suna eho.

Na zaci Gwaggo za ta gane. Sai ta tarye ni da baki buɗe ta ce, "Kai Cindo, ashe haka kake? Ashe waliyyi nake sa wa gugar madubi ban sani ba?" Ta ƙara mini man ɗanwake. Na ce a raina, tsufa dai bai yi ba.

Rana ta arba'in Sarkin Hange ya sa aka juya babban madubi zuwa tofin goro, karo na farko a tarihi, don kawai kowa ya ga yadda zan kunyata. Aka ɗauko ni aka ajiye a tsakiya. Masana suka jeru, har wasu sun zo da gyaɗa. Hantsi ya wuce, ba komai. Na fara lissafin yadda ake gudu a kan gilashi da gwiwa. Sai mai leƙen ya yi wata ƙara kamar an taka jelar kyanwa. Farin tartsatsi a ɗigo na biyu!

Baƙona, da ka ga manyan masana suna ture juna. Wani ya sume. Wani ya nemi ya sumbaci kwalbata na hana. Aka sauke mini takalma, aka yi mini walima. Kafin mako ya zagayo an rubuta littafi uku a kan sirrin gindin kwalba, biyu suna ƙaryata juna. Wani matashin masani ya ɗan yi gunaguni cewa ai wannan ya yi kama da maganar Tasalla, Sarkin Hange ya harare shi. Ya fi masa sauƙi ya yarda da mai kwalba a kan ya ce ya zaunar da tsohuwa shekara goma sha tara a banza.

Na sake rataye takalma a kan ɗigo na uku. Rana ta casa'in ta zo, tartsatsi ya zo. Wannan karon kafaɗa aka ɗauke ni.

Da a nan na tsaya, da yanzu ina Rumfa Tara ina cin naman kai. Amma da na ce a ba ni garken in raɗa masa suna, Sarkin Hange ya ce, "Ɗigo huɗu ne, Malam Cindo, biyu ka kunna. Na farkon mun duba mun ga toka-toka, kamar ya taɓa ci ya mutu, mun bar maka shi. Kunna na huɗu, mu rubuta sunanka da ruwan zinariya." Ka ji, Malam Cindo. Kaina ya yi girman da hula ba za ta shiga ba.

Na koma tudu na yi ta kewaya allon Gwaggo, ko zan ga inuwar abin da aka share. Babu. Na ce mata cikin dabara, "Gwaggo, wai a naki ganin, na huɗun nan yaushe ya kamata a ce ya kama?"

Ta ce, "Ni ina zan sani, ɗan nan? Ai kai ne mai wuta."

Na ce to, ai ni ma na yi makaranta. Na zauna kwana uku. Na ƙirga duk garkunan da ke haske a jikin Giwa, na auna nauyinsu yadda aka koya mana a aji uku, na auna hanya ta huɗu, wadda ta bi ta kusa da cibiyar Giwa. Na yi da alli, na maimaita da yatsuna goma sha ɗaya. Ya ba ni kwana ɗari da arba'in daga tartsatsin farko. Daidai ranar da ayarin Madugu zai sauka, ya kwana ɗaya ya wuce. Na ce ka ga ikon Allah, a raɗa suna yau, gobe in hau jirgi in je in karanta wa Malam Nomau.

Na rataye takalma karo na uku.

Ranar ta zo, Kaifi duka ta taru. Madugu Tunau ya taho daga tasha da ƙurar tafiya a jikinsa, ya zauna a gaba yana nuna ni yana cewa, "Yarona ne wannan." Har Gwaggo Tasalla ta roƙa aka kawo ta a amalanke, wai tana so ta ga abin al'ajabi kafin ta mutu. Hantsi ya yi. Azahar ta yi. Na ce wutar tana alwala ne. La'asar ta yi. Na ce a goge madubi, aka goge. Na ɗaga kwalba na ƙara surutai, har da rawa. Ɗigo na huɗu yana nan ja, shiru, kamar bai san ana yi ba.

Sai wata 'yar murya ta ce daga amalanke, "Jatau, sa a miƙo mini takalmina na hagu."

Sarkin Hange ya ce, "Tasalla, kin san doka."

"Ban ce zan sa ba. Ka zura hannunka ciki da kanka. Shekara goma sha tara yana rataye saman kanka, ko sau ɗaya ba ka leƙa ba."

Ya zura hannu ya zaro wata takarda da ta yi ruwan ƙasa, da hatimin zauren na ranar da aka rataye takalmin. Ya karanta da ƙarfi, muryarsa tana raguwa: "Idan tauraro ya mutu a ɗigo na farko, za a gan shi a na biyu bayan kwana arba'in, a na uku bayan kwana casa'in, a na huɗu bayan shekara goma sha ɗaya."

Gwaggo ta zaro farantin hoto daga zaninta ta miƙa. "Ga hoton tartsatsin farko, da kwanan watansa. Tun da hantsi na gan shi, kafin wannan ja'irin ya gama lasar kwano. Na rubuta allo na ajiye masa a inda ba zai kasa gani ba, na share layi ɗaya, na tafi salla."

Na ce, "Gwaggo! Ni kika yi wa haka? Ni da nake goge miki madubi?"

"Kai da ka kawar mini da kansa ka tafi sayen gishiri? Har yau ina jiran gishirin." Ta juya ga zaure. "Shekara goma sha tara ina gaya muku a hankali, da lissafi, ba wanda ya juya madubi. Sai da maƙaryaci ya hau teburi da fasasshiyar kwalba kuka zo har da gyaɗa."

Masu littattafan kwalba suka shiga neman inda za su tura su. Ni kuwa ban saduda ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, lissafinta na huɗu kuskure ne. Na auna Giwa da hannuna, garke-garke, ban bar ko ɗaya ba."

Gwaggo ta ce, "Waɗanda ke haske ka auna?"

"To, da waɗanne zan auna?"

"Ɗan nan, abin da ke haske a jikin Giwa kashi ɗaya ne cikin shida. Sauran biyar ba su da haske, ba su da launi, nauyi ne zalla, kuma a cibiya suka fi taruwa. Ta cikinsu hanya ta huɗu ta bi, haske yana jan ƙafa kamar mai tafiya a taɓo. Nauyin ɓoye ke nan. Yaran aji huɗu ma sun san shi. A wace makaranta ka ce ka yi?"

Na ji ƙaurin hular Malam Nomau a hancina, wallahi, kamar yanzu take ci.

Aka yanke hukunci nan take. Sama ta shaidi Gwaggo sau biyu, aka sauke mata takalmanta, aka kakkaɓe ƙura. Ni kuwa na ce na huɗu zai kama, kuma zai kama, saboda haka takalmana suna nan sai ya kama. Na faɗi gaban Madugu na ce ya saka baki. Ya ce, "Cindo, ni gishiri nake fatauci, ba na shiga tsakanin mutum da sama. Amma kujerar ba za ta tafi a banza ba." Ya dubi Gwaggo. Ta ce dama tana da 'yar'uwa a wajen Rumfa Tara da ta daɗe ba ta gani ba.

Sarkin Hange ya buɗe babban littafi ya tsoma alƙalami a ruwan zinariya, ya ce ta faɗi sunan garken. Ta sa takalmanta a hankali, ta miƙe tana rangaji, ta taka ɗaya, biyu, ta zo ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Ba don bakinsa ba da har yanzu ina zaune, ba zan hana shi rabonsa ba. Rubuta: Babin da Cindo Bai Karanta Ba." Ta dafa kaina. "Zan biya ta wurin malamin naku in gaya masa ka cika alkawari, sunanka ya riga nasa hawa sama. Garin ɗanwake yana cikin tulu na biyu. Ka riƙa goge madubin daga tsakiya zuwa gefe. Shekara goma sha ɗaya ce kawai, kowane yatsa shekara guda, ba za ka ɓata a lissafi ba."

Aka ɗora ni a amalanken da aka kawo ta a ciki.

Yatsa huɗu na lanƙwashe zuwa yau, saura bakwai. Yanzu fa baƙona, dubi yadda ƙafarka ta kumbura a cikin takalman nan, tausayi kake ba ni. Miƙo ɗaya in gwada maka ko ƙarfen tafin ya fara ci, ni na san kan takalmi. Me ya sa ka naɗe ƙafa ka zauna a kansu? Wa ya gaya maka? A tasha? An rubuta a allo a bakin tasha?

Da hannun wa?

Kai, tsohuwar nan!